A auna tsayin yaro kafin a saya masa sandunan golf na farko

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da iyaye da kakanni a kan wani al'amari da ba kasafai ake tattauna shi da Hausa ba, wato yadda ya kamata a shigar da ƙaramin yaro wasan golf, wanda wasu kafafen labarai ke kira ƙwallon lambu, da irin sandunan da suka dace a fara saya masa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a 'yan shekarun nan ina ganin matasan iyaye suna zuwa fili da 'ya'yansu ranar Asabar da safe, abin da ke faranta mini rai matuƙa, amma sau da yawa idan na dubi abin da ke hannun yaron sai hankalina ya tashi, domin sandar da aka miƙa masa ta kusa kai masa haɓa, yana ɗaga ta da ƙyar kamar an ba shi taɓarya. Bayan makonni uku ko huɗu sai a daina ganin yaron, idan ka tambayi uban ya ce maka ai ba ya sha'awar wasan. Ni kuwa na san kayan ne suka gajiyar da shi, kuma na san haka ne saboda ni ma na taɓa yi wa jikata irin wannan kuskuren.

Na fara shiga filin golf ina ɗan shekara 12, a matsayin mai ɗaukar jaka, wato kadi kamar yadda ake kiranmu. A wancan lokaci wurin da ramin da ake jefa ƙwallo yake ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai, kuma aikinmu ne mu share wa mai bugu hanya ta yi sumul kafin ya tura ƙwallonsa. Idan manya suka tashi, mu yara sai mu ɗauko rodin da muka lanƙwasa bakinsa, da tsofaffin ƙwallayen da muka tsinto a cikin ciyawa, mu yi ta kwaikwayonsu har magariba. Ina faɗin wannan ne domin masu ɗaukar golf a matsayin baƙon abu a Arewa su san ya daɗe a cikinmu. Filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza, kuma Kano da Kaduna da Zariya duk suna da filayensu tun kafin samun 'yancin kai. Sai da na yi shekaru ina aikin gwamnati kafin na mallaki sandunan kaina, don haka na san darajar sanda, na kuma san zafin kuɗinta.

Da jikata ta cika shekara shida ta matsa sai ta bi ni fili, sai na yi abin da na ga magabata suna yi. Na ɗauki tsohuwar sandata ta ƙarfe mai lamba 7 (sandunan ƙarfe lamba-lamba suke, gwargwadon nisan bugunsu), na kai wa mai walda ya yanke ta daga sama da zarto, na mayar mata da mariƙin robar da na cire, na kawo gida ina murna. Ranar da muka je fili, yarinyar ta ɗaga sandar, nauyin kan ya rinjaye ta har ta yi taga-taga, da ta sauko da ita kuwa sai ta daki ƙasa tun kafin ta kai ga ƙwallon, ƙura ta tashi, ƙwallon na nan inda yake. Ta sake, ta kuma sakewa, wajen sau goma, sau biyu kaɗai ta taɓa shi, shi ma ya gangara ne a ƙasa bai tashi ba. Sai ta ajiye sandar, ta nuna mini wuyan hannunta ta ce, "Kaka, ciwo yake yi, mu tafi gida." A hanyar komawa ba ta yi surutun da ta saba ba, ni ma ban yi ba.

Daga baya wani ƙwararren mai koyarwa, wanda muka yi ɗaukar jaka tare da shi muna yara, ya ɗauki sandar ya jinjina ta, ya yi mini bayanin da ya kamata in gane tun farko. Zarto yana rage tsayi ne kawai, nauyin kan yana nan yadda masana'anta suka ƙera shi domin ƙarfin babban mutum, kuma kan sandar manya mai lamba 7 ya haura giram 250. Jikin sandar kuma, wanda aka yi shi ya riƙa ɗan lanƙwasawa lokacin bugu domin ya taimaka wa ƙwallon ya tashi, idan aka gajarta shi sai ya sandare ya koma kamar rodi, ƙarfin yaro ba zai iya lanƙwasa shi ba. Ga mariƙin ya yi wa tafin hannunta kauri, yatsunta ba su zagaye shi ba, dole ta matse da iyakar ƙarfinta don kada ya suɓuce. Yaron da aka haɗa wa waɗannan matsaloli uku zai nemo dabarar da zai ɗaga sandar ko ta halin ƙaƙa, ya riƙa jan ta ta bayan ƙugunsa yana karkata jiki, kuma wannan mummunar ɗabi'a ce da kan bi mutum har girmansa, mai koyarwa ya yi shekaru yana fama bai gyara ta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma idan aka tanƙwara shi ba daidai ba, haka zai bushe.

Na san akwai masu cewa ai Tiger Woods, shahararren ɗan wasan golf na Amurka, shi ma da yankakkiyar sanda mahaifinsa Earl ya fara koya masa, har aka nuna shi a talabijin a Amurka a 1978 yana ɗan shekara biyu yana bugu. Gaskiya ne, sai dai a wancan zamani sanduna marasa nauyi da aka ƙera musamman domin yara ba su yawaita ba, uba ba shi da wata mafita sai zarto. Daga tsakiyar shekarun 1990 ne kamfanoni irin su U.S. Kids Golf suka duƙufa ga ƙera wa yara nasu, masu sauƙin kai, masu laushin jiki, masu siririn mariƙi, kuma yanzu manyan kamfanonin kayan golf da dama suna da irinsu. Abin da aka yi don dole a da, bai zama hujja ga wanda ke da zaɓi a yau ba.

Kuskure na biyu, wanda ya fi yawa a tsakanin masu hali, a shago ake yin sa. Da na je sayen na yaran, mai shagon ya fito mini da wata jaka mai kyau da aka rubuta shekara 9 zuwa 12 a jikin kwalinta, ya ce in ɗauki wannan, ai za ta girma ta same su, ba sai na dawo baɗi ba. Maganar ta shiga kunnena domin da ita muka tashi. Haka muke cewa tela ya ƙara wa rigar Sallah tsayi, haka muke sayen takalmin makaranta mu cusa takarda a gabansa. To, riga idan ta yi tsawo ana iya kalmashe ta, yaro ya yi yawon Sallarsa lafiya, amma doguwar sanda tana tilasta masa ya miƙe ƙiƙam nesa da ƙwallon, bakin kan sandar ya ɗaga sama, gindinsa ya riƙa kama ƙasa, kuma kafin ya girma ya same ta ya riga ya tsani wasan. Shekarun da ake rubutawa a kwali ma ba abin dogaro ba ne, domin kowa ya san yara biyu sa'annin juna, ɗaya ya fi ɗaya da kusan taƙi guda.

Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne tsayin yaro. A jingina shi da bango yana sanye da takalmin da zai yi wasa da shi, a yi alama da fensir, a auna da tef ɗin tela, a rubuta a takarda kafin a fita daga gida. Masu ƙera sandunan yara suna jera su ne bisa tsayi, kowane rukuni ya fi na ƙasansa da kamar inci uku, kuma akwai wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, wato sanda mafi tsawo a jakar yaro, wadda ake kira direba, ta tsaya a kimanin kashi biyu cikin uku na tsayinsa. Jikata a lokacin santimita 117 take, ke nan direbanta bai kamata ya wuce santimita 78 ba, alhali na manya yakan kai wajen santimita 114. Idan yaro yana sauko da hannunsa inci ɗaya ko biyu a kan mariƙi kafin ya ji daɗin tsayuwa, babu laifi, wannan shi ne ɗan rangwamen girma da za a iya bari. Abin da ya wuce haka, sandar ba tasa ba ce tukuna. Gaskiya ne cewa bayan shekara ɗaya ko biyu sai an sauya, amma a gidajenmu da ƙanne da 'yan uwa ba sa ƙarewa, sandar yaro ba ta rasa magaji.

Sai batun yawan sanduna, inda ake ɓarnar kuɗi ba dalili. Dokar wasan ta ce kada ɗan wasa ya ɗauki fiye da sanduna 14, amma ba ta ce sai ya cika su ba. Babban mutum yana buƙatar da yawa ne saboda kowace sanda tana ba shi nisa daban, ita kuwa yarinya 'yar shekara shida, ko ta buga da lamba 7 ko da lamba 8, kusan wuri ɗaya ƙwallon zai sauka. Sanduna uku sun wadatar da mai farawa: fota, wadda ake tura ƙwallon cikin rami da ita, sai weji mai kwantaccen baki da ke ɗaga ƙwallon sama a gajeren bugu, sai ta ƙarfe mai lamba 7. Idan ya yi 'yan watanni yana samun ƙwallon daidai, a ƙara masa guda mai babban kai ta dogon bugu, domin babu yaron da ba ya son ya ga ƙwallonsa ya yi nisa. Marigayi Seve Ballesteros na Sifen, wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya sau uku da gasar Masters ta Amurka sau biyu, dukansu cikin manyan gasannin golf huɗu na duniya, da sanda guda ɗaya mai lamba 3 da yayansa ya ba shi ya koyi wasa a bakin tekun ƙauyensu Pedreña, kuma rashin wata sandar ne ya sa ya iya sarrafa wannan ɗayar ta yi masa kowane irin bugu. Jakar ma ta zama mara nauyi, mai igiyar goyo biyu, yadda yaron zai goya kayansa da kansa.

Akwai wani abu da nake so iyaye su kula da shi, shi ne yaro bahago. Mun saba hana yara amfani da hagu wajen cin abinci da miƙa abu, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau a wurinta, amma bai kamata a kawo ta cikin bugun ƙwallo ba. Sandunan hagu daban ake ƙera su, suna da wuyar samu a shagunanmu, shi ya sa mai shago zai ce a juya yaron ya koma dama. Kafin a saya, a ba shi tsintsiya ko sandar roba a ga ɓangaren da jikinsa ya fi sakewa. Ɗan wasan Amurka Phil Mickelson da dama yake rubutu, amma da hagu yake wasa, domin yana ƙarami yana tsayawa gaban mahaifinsa yana kwaikwayonsa kamar mai duba madubi, kuma da hagun ya ci manyan gasanni shida.

Da sandunan da suka dace suka zo, ban mayar da ita fili nan take ba. A falo muka fara, na kwantar da kofin roba a kan kafet, na ajiye mata ƙwallon taku ɗaya daga bakinsa. Faɗin ramin golf milimita 108 ne, ƙwallon kuwa bai kai milimita 43 ba, don haka daga kusa ko ƙaramin yaro zai jefa, kuma wannan jefawar ita ce take kama zuciyarsa. Da ta jefa sau uku a jere sai mu ja baya taku guda. Bayan mako biyu muka koma tsakar gida da weji da ƙwallayen soso, tana ƙoƙarin tsallake tabarmar da na shimfiɗa ta sauke a cikin baho. Ranar da muka koma fili, ban kai ta inda manya ke fara bugu ba, inda ramin yake can nesa ko tutar ba ta hangowa. Na ƙirga taku hamsin daga rami na ce nan ne mafarinta. A bugu na biyar ƙwallon ya faɗa, ya yi wannan ƙarar da duk ɗan golf ya sani, ta yar da fotar ta rugo tana cewa, "Kaka, ka ji ta? Ta shiga!" Minti ashirin zuwa talatin muke yi, kuma na koyi in ce mu tashi tun tana cewa saura ɗaya, domin yaron da aka ɗauke yana marmari shi ne zai tashe ka da asuba ranar Asabar mai zuwa. Gyaran da nake yi mata bai wuce biyu ba, yadda za ta riƙe da inda za ta fuskanta, sauran na bar wa idonta, tunda yara da kallo suke koyo fiye da dogon bayani.

Ba zan wuce batun kariya ba, domin sanda ko ta yara ce ƙarfe ce, ƙwallon kuma mai tauri ne, nauyinsa ya kusa giram 46. Haɗarin da na fi gani shi ne yaro ya tsaya a bayan ɗan uwansa yana kallo, shi kuma mai bugun ya ɗaga sanda bai waiga ba. Dokarmu ita ce mai jira ya ja taku biyar baya, sandarsa na cikin jaka, kuma mai bugu ya duba hagu da dama kafin ya ɗaga. A gida ana ajiye jakar inda ƙanne ba za su kai ba. A watannin Maris da Afrilu sai da sassafe ko bayan La'asar, da hula da ruwan sha, da damina kuma da zarar an ji tsawa a bar fili, kuma kada a bar yaro ya cusa hannu cikin doguwar ciyawa neman ƙwallo.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa a kan wannan wasa ga yara shi ne amana. A yawancin wasan golf babu alƙalin da ke bin ka, kai kake ƙirga bugunka, kai kake bayyana laifinka. A gasar Open ta Amurka ta 1925, ɗan wasa Bobby Jones ya ci kansa tarar bugu ɗaya saboda ƙwallonsa ya motsa a cikin ciyawa, duk da cewa jami'an gasar ba su gani ba, kuma wannan bugun ne ya sa aka yi kunnen doki har ya rasa kofin a zagayen raba gardama. Wata rana jikata ta kawo bugu ta kuskure ƙwallon gaba ɗaya, ina can ina magana da wani. Da muka isa rami na ce shida, sai ta ce, "A'a Kaka, bakwai ne, akwai wanda na daki iska." Kuma da gaskiyarta, domin a doka wanda ya yi niyyar bugu ya kuskure, an ƙirga masa. Ga 'ya'ya mata musamman, wasa ne da ba a cakuɗuwa ko ture juna, yarinya za ta yi shi cikin suturarta ta mutunci, kusa da mahaifinta ko kakanta.

Ina kuma jan hankalin iyayen da suka ji labarin dalolin da ake samu a manyan gasanni suka fara lissafi a kan ɗan shekara biyar. Ana yawan ba da labarin Rory McIlroy na Ireland ta Arewa, wanda mahaifinsa ya haɗa ayyuka da dama, mahaifiyarsa tana aikin dare a masana'anta, domin su ɗauki nauyin wasansa, har ya kammala cin dukkan manyan gasanni huɗu a Afrilun 2025. Amma a labarin nasa yaron ne yake jan iyayen zuwa fili. Idan uba ya fara ɗaure fuska saboda ƙwallo ya karkace, yaro zai gane cewa an daina wasa an koma jarrabawa. Boko da Islamiyya suna nan a matsayinsu, golf kuma ya tsaya a ranakun hutu.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin kulob-kulob ɗinmu ne da membobinsu. Duk abin da na faɗa a sama mai kuɗin saye kaɗai zai amfana da shi, kuma da yadda canjin dala yake a yau, ko na gwanjo sun fi ƙarfin mafi yawan gidaje. Alhali da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasan Najeriya daga ɗaukar jaka suka taso, kuma ƙasar nan ta taɓa shirya gasar Open ta Najeriya da Sandy Lyle na Scotland ya ci a 1978, Vijay Singh na Fiji ya ci a 1988 da 1989, kafin kowannensu ya je ya ci Masters. Tun 2016 golf ya koma cikin wasannin Olamfik, ke nan ya zama wasan da ake wakiltar ƙasa da shi. Ina ba da shawarar kowane kulob ya tanadi jakunkunan yara biyar ko shida masu tsayi daban-daban domin aro, a zana ma'aunin tsayi a jikin bango kusa da su, a ware awa biyu a mako da yaran unguwannin da ke kewaye da ƙannen masu ɗaukar jaka za su shigo ba tare da biyan komai ba. Membobin da ke tafiya ƙasashen waje, idan kowanne ya riƙo jakar yara guda ɗaya a cikin kayansa, da an cika wannan gurbi cikin shekara.

Jikata yanzu tana da shekara takwas, ta ƙaru da santimita 12, mun sauya mata masu tsayi na gaba. Ukun nan na farko suna hannun ɗan mai ɗaukar mini jaka, yaro ɗan shekara shida, wanda muka jingina da bangon ɗakin ajiye kaya muka auna kafin na miƙa masa su. Ita kuma bayan Babbar Sallah zan sake auna ta.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wani ma'aikacin gwamnati mai ritaya, Kaduna.